Yabon Gwani Ya Zama Dole: Layi Ɗaya Kacal

A zamanin duhun kai, idan mutum yana son manhaja sai ya sauko da ita a gamme, ya danna ta sau biyu, ta buɗe, ya kama aikinsa. Haka kawai, ba gumi ba tarbiyya. Wanda ya sami abu a ɓagas ina zai san darajarsa? Sai mu ce madalla da masu harshen Rust, da suka ga lalacin ya yi yawa suka kawo gyara. Yanzu abin da za ka yi shi ne ka buɗe baƙin allon nan da ake rubuta wa kwamfuta umarni, ka rubuta cargo install, ka bi shi da sunan manhajar da kake so, ka danna. Layi ɗaya kacal. Haka za ka gani a rubuce a takardar bayanin manhajoji barkatai, kuma masu rubutawar ba su yi ƙarya ba. Duk wanda ya iya ƙirga zai ga layin ɗaya ne.

Ga wanda bai san gwanin ba, bari in gabatar da shi. Rust harshe ne na rubuta manhaja wanda Graydon Hoare ya faro, kamfanin Mozilla ya rene shi, ya kuma fito a cikakkiyar sigarsa ta farko ranar 15 ga Mayu, 2015. Cargo shi ne yaron gidansa, mai zuwa aike, mai ɗauko kaya, mai sa a yi gini. Kyawun halinsa shi ne ba ya raina ka har ya kawo maka abin da wani ya riga ya gama. Ɗanyen rubutun da mutane suka yi yake kawowa, wato kod, sannan ya sa kwamfutarka ta zauna ta juya shi zuwa harshen da inji ke ji. Wannan juyawar ita ce harhaɗawa, mai yin ta kuma kwamfaila. Kamar ka shiga gidan abinci ne da yunwa ka ce a zubo maka tuwo, sai a dire maka damin dawa, da turmi da taɓarya, da ƙullin itace, a nuna maka inda murhu yake. Wane mai abinci ne ya taɓa girmama baƙonsa haka? Ko ba komai, ba za ka fita kana cewa ɗumame aka ba ka ba.

To amma kafin ka kai ga layin nan ɗaya, akwai wani layi ɗaya. Cargo ba ya zuwa da kwamfuta, sai an girka shi. Hanyar da masu harshen suka fi so ita ce ka kwafo wani umarni daga shafinsu, wanda zai jawo rubutu daga intanet ya miƙa wa kwamfutarka ta zartar nan take, idonka bai sauka a kansa ba. Shekara da shekaru malaman tsaro na yi mana huɗuba kada mu buɗe abin da ba mu san cikinsa ba. A nan kuwa darasin farko shi ne kyautata wa mutane zato, wanda kowa ya san hali ne na kirki. Idan taurin kai ya sa ka ce kai Rust ɗin da ke cikin rumbun Linux ɗinka za ka ɗauka, bismilla. Rust na fitar da sabuwar siga duk mako shida. Debian 12, da ta fito a watan Yunin 2023, da siga ta 1.63 ta zo, wadda aka saki tun Agustan 2022. Za ka rubuta layinka, Cargo ya gaya maka cikin ladabi cewa wannan manhaja ta fi ƙarfin tsohon kwamfailanka. Sai ka sunkuyar da kai ka koma wa umarnin da ka guda.

An girka Rust, ka sake rubuta layin. Sai allo ya ce bai ga wani abu mai suna cc ba. Ashe harshen da aka gina don ya raba mu da haɗurran harshen C ba ya iya ƙarasa aiki sai ya ari kayan aikin gidan C. Zumunci ke nan. Mai Ubuntu zai sauko da build-essential. Mai Windows kuwa shi ne ɗan gata, don shi wajen Microsoft za a tura shi ya kwaso kayan ginin Visual Studio, masu cin gigabait da dama, domin ya samu ya girka 'yar manhajar da ita kanta ba ta wuce 'yan megabait ba.

Yanzu aka zo wurin. Ɗauki ɗalibin kimiyyar kwamfuta a Kano ko Zariya, mai laftof ɗan gwanjo, RAM gigabait 4, da batirin da ke riƙe wuta rabin sa'a idan ya ga dama. Ya sayi datar mako, ya jona laftof da wayarsa, ya rubuta layin. Koren rubutu ya fara gangarowa. Manhaja ɗaya ya nema, amma ga sunaye nan suna shigowa a jere waɗanda bai taɓa gayyata ba: libc, proc-macro2, quote, syn, serde, unicode-ident. Kowane akwati ne na kod da wani ya rubuta ya ajiye a rumbun crates.io, kuma kowane akwati ya zo da nasa 'yan rakiya, su ma da nasu. A ƙasan allo ga wani ɗan sanda yana cika a hankali, gefensa ana ƙirga akwatunan da aka gama cikin ɗaruruwan da ake jira. Fankar laftof ta fara kuka. Can sai cinyarsa ta gaya masa gara ya ɗora abin a kan tebur. Ya motsa linzami, kibiya ta yi kamar ba da ita ake ba. An ce mai haƙuri shi ke dafa dutse, to ga zafin ya samu, saura romon.

Ku dubi irin karatun da yaron nan ya samu kyauta cikin wannan zama. Ya san sunan akwatuna da ba don Cargo ba har ya gama digiri ba zai ji su ba. Ya gane cewa RAM ɗinsa bai isa ba, abin da ɗan kasuwar da ya sayar masa da laftof ɗin ya ɓoye masa. Ya kuma sami lokacin yin alwala da salla da cin abinci da kiran gida, duk cikin aiki ɗaya.

Sanda ya kusa cika, saura akwatuna kaɗan, sai aka ɗauke wuta. Batir ya yi abin da ya saba. A nan ne za ka ga tsaftar Cargo. A wani ɗakin wucin gadi yake yin gininsa, kuma duk lokacin da ka sake kiransa sabon ɗaki yake buɗewa. Da wuta ta dawo, yaro ya sake rubuta layin, sai ƙirga ta tashi daga farko. Kada a ce azzalumi ne: akwatunan da aka sauko da su suna nan a ajiye, ba a sake cin datarsu ba, sa'o'in ne kawai suka tafi, su kuwa ba saye ake yi ba. Akwai ma hanyar da za ka gaya masa ya riƙa gini a wuri guda don ya ɗora daga inda ya tsaya, kuma yakan tuna maka da ita, a saƙon da yake fitarwa bayan ginin ya rushe.

Washegari yaro ya nemi manhaja ta biyu. Ga syn nan ya sake fitowa, ga serde, ga libc, waɗanda jiya-jiya kwamfutarsa ta yi gumi a kansu. Cargo bai yarda da kwanan aiki ba. Kowace manhaja da nata sabon gini tun daga tushe.

Na farkon shiga harkar sun fi mu samun lada. Har zuwa shekarar 2023, kafin Cargo ya taɓa ko akwati ɗaya, sai ya sauko da kundin sunayen dukkan akwatunan da ke crates.io, da waɗanda kake so da waɗanda ba za ka taɓa buƙata ba har abada. Mutum ya zauna yana kallon layi guda da ke cewa ana sabunta kundi, data na zuba. A siga ta 1.70, cikin Yunin wannan shekarar, aka mayar da shi yana tambayar abin da ake buƙata kawai. Shekara takwas aka ɗauka kafin a kai ga wannan dabara, don abin kirki ba a yin sa da gaggawa.

Akwai wata baiwa tasa da ba kowa ya sani ba. Mai rubuta manhaja yakan bar wata takarda mai suna Cargo.lock, inda aka jera ainihin sigar kowane akwati da ya yi aiki da ita, ya gwada, ya ga komai lafiya. Da ƙaramin ma'aikaci ne, da ya bi takardar nan sau da ƙafa. Cargo install kuwa, idan ba ka ƙara masa kalmar --locked ba, ajiye ta yake yi gefe ya zaɓo sababbin sigogin da suka dace da ƙa'ida a ranar. Ma'ana, abin da kwamfutarka ke haɗawa yana iya zama haɗin da marubucin kansa bai taɓa gani ba. Kai ne na farko a duniya. Idan ya yi aiki, ka ci riba. Idan ya ƙi, ka zama mai bincike, ba tare da ka nemi gurbin karatu ba.

Yakan kuma ƙi. Abin burgewa shi ne ba ya ƙi da wuri, don kada ya katse maka jin daɗi. Sai an yi nisa, sai wani akwati mai suna openssl-sys ya tsaya cak, allo ya cika da jan rubutu. Yaro ya ɗauki laftof ya nufi wajen wanda ya riga shi shiga harkar.

"Oga, ya ƙi fa."

"Me ya ce?"

"Wai bai ga OpenSSL ba. Kuma na duba, akwai shi a kwamfutar."

"Ai a tawa lafiya lau yake yi. Ka karanta saƙon da kyau, ƙanena. Komai a rubuce yake."

Gaskiyar Oga ce, a rubuce yake, a tsakiyar layuka masu yawa na Turancin injiniyoyi. OpenSSL ɗin da ke kwamfutar na amfani ne, wanda ake nema na gini ne, sunansa libssl-dev a Ubuntu, openssl-devel a Fedora, kuma sai an haɗa da pkg-config mai nuna hanya. Oga ya girka su tun shekarun baya har ya manta ya taɓa yi, shi ya sa a wajensa layin ɗaya ne da gaske.

Duk wannan ƙananan alherai ne. Babban shi ne amana. Kowane akwati yana da izinin zuwa da wani ɗan rubutu mai suna build.rs, wanda Cargo ke zartarwa a kwamfutarka tun ana cikin gini, kafin ka buɗe manhajar ko sau ɗaya. Da ikonka yake aiki. Duk inda hannunka ke kaiwa nasa na kaiwa: takardunka, hotunanka, makullan sirrinka, intanet ɗinka. Ba shinge, ba mai gadi, ba tambaya. Ɗaruruwan mutanen da ba ka san sunansu ba, ba ka san ƙasarsu ba, ka ba kowannensu makullin ɗaki da dannawa ɗaya. Ina aka taɓa ganin haɗin kan 'yan Adam irin wannan?

Masu baƙin ciki za su kawo zancen watan Mayun 2022, lokacin da aka gano wani akwati mai suna rustdecimal a crates.io. Na gaskiyar sunansa rust_decimal, bambancinsu ɗan karan layin da ke tsakiya. Na jabun an cusa masa kod da ke jawo muguwar manhaja idan ya ga yana cikin injinan gwaji na GitLab. An cire shi, kuma laifin ai na mai yatsa ne da bai iya rubutu ba.

Idan ana son ganin inda wannan kyakkyawar hanya ke kaiwa, sai a dubi babban wa, npm na harshen JavaScript, wanda Isaac Schlueter ya fitar a 2010. A watan Maris na 2016 wani marubucin manhaja ya sami saɓani da kamfanin Kik a kan sunan wani ƙunshinsa, masu npm suka ba kamfanin gaskiya, shi kuma ya yi fushi ya kwashe kayansa sama da 250 daga rumbun. A cikinsu akwai left-pad, layi 11 na kod, wanda aikinsa kawai ya cike gurbi a hagun rubutu. Nan take gine-gine suka riƙa rushewa a faɗin duniya, har da na masu dogaro da manhajojin Babel da React, sai da masu npm suka dawo da ƙunshin da hannunsu. Dubban injiniyoyi masu albashi mai tsoka, ashe tawali'u ya hana su rubuta layi 11 da kansu. A 2018 kuma mai kula da event-stream, ƙunshin da a lokacin ake saukewa kusan sau miliyan 2 a mako, ya gaji da aikin da ba a biyansa. Wani baƙo ya ce zai taya shi, ya miƙa masa. Baƙon ya saka kod da ke farautar kuɗin Bitcoin na masu amfani da asusun Copay. Kyauta aka karɓi aikin mutum shekara da shekaru, kyauta shi ma ya bayar da shi, ban ga abin ƙorafi ba.

Jama'ar Rust dai ba sa wasa da tsaro, kuma sun nuna haka a 2023. David Tolnay, mai kula da serde, ɗaya daga cikin akwatunan da aka fi amfani da su, ya saka wani ɓangare da aka riga aka harhaɗa a cikin serde_derive don a rage zaman jira. Aka yi masa caa. Cikin 'yan makonni ya cire. Hujjar masu ƙorafi ita ce abin da aka riga aka harhaɗa ba ya karantuwa, ɗanyen kod kuwa kowa na iya dubawa. Ga masu shirya wa Linux kaya, waɗanda ƙa'idarsu ce su gina komai daga tushe, hujja ce ta gaske. Sauranmu kuwa, ai kowa ya san kafin mu danna layin nan mukan zauna mu karanta akwatuna ɗari biyu ko uku ɗaya bayan ɗaya, mu ga babu abin zargi, sannan mu ce bismilla. Ɗalibinmu ma haka ya yi, da datar mako.

Ken Thompson, ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙirƙiro Unix, ya so ya ɓata wannan nishaɗi tun 1984. A laccarsa ta karɓar lambar yabo ta Turing, wadda aka buga a wannan shekarar, ya nuna yadda za a koya wa kwamfaila ya riƙa cusa ƙofar baya a cikin abin da yake harhaɗawa, ya kuma ɓoye dabarar a cikin kansa, ta yadda ko ka karanta ɗanyen kod ɗin tsaf ba za ka ga komai ba. To kwamfailan Rust da Rust aka rubuta shi, sai da wani kwamfailan Rust ake gina shi, kuma wanda ke kwamfutarka a gamme ka sauko da shi, ta hanyar umarnin nan da ba ka karanta ba. Wato abu ɗaya da aka yarda a ba ka a dafe shi ne wanda ke dafa sauran duka. Dattijon bai tsaya nan ba. A 2007 shi da Rob Pike da Robert Griesemer suka faro harshen Go a Google, cikin dalilansu har da gajiya da jiran C++ ya gama harhaɗawa. Sakamakon shi ne go install, wanda sau da yawa kan gama kafin mutum ya gyara zama. Yaran da suka tashi da wannan ina za su koyi juriya?

Wani zai tambaya, me ya sa ba za a harhaɗa manhajar sau ɗaya a wani babban inji ba, a raba wa kowa? Tambayar marasa kishi ke nan. Idan aka yi haka, marubuci zai ɗauki wahalar gina wa Windows daban, Mac daban, Linux daban, rumbu kuma ya ɗauki nauyin ajiya da rabawa. Yanzu kuwa an raba aikin bisa adalci: kwamfutoci dubbai a ƙasashe daban-daban, kowace tana maimaita aiki iri ɗaya don ta sami kusan sakamako iri ɗaya, kowa da wutarsa, kowa da datarsa. Injiniyan San Francisco ko Berlin, mai intanet marar iyaka da inji mai ƙwaƙwalwa goma sha shida, yana biyan nasa kason da ɗan lokacin shan shayi. Ɗalibin Zariya yana biyan nasa da yini guda da litar fetur a janareto. Layin da suka rubuta ɗaya ne, harafi da harafi, don haka babu wanda aka fifita. Gidauniyar Rust da aka kafa a 2021 kuwa, cikin waɗanda suka kafa ta akwai Amazon Web Services da Google da Microsoft, masu manyan rumbunan injina na duniya. Da sun so, da sun ɗauke wa laftof ɗan gwanjo wannan aiki. Sun bar masa ne don kada ya ji ba a damawa da shi.

Gaskiya akwai marubuta masu raunin zuciya, irin Andrew Gallant mai ripgrep, da ke ajiye manhajarsu a gamme ga duk mai so. Irinsu ne ke sangarta jama'a.

A ƙarshe dai gini ya kammala. Yaro ya rubuta sunan manhajar, allo ya ce bai san wannan umarni ba. Cargo ya ajiye ta a wani ɓoyayyen lungu, .cargo/bin, kuma sai an shigar da lungun cikin jerin wuraren da kwamfuta ke dubawa, ko a rufe baƙin allon a sake buɗewa. Ya yi haka. Har yanzu shiru, domin sunan akwati daban, sunan umarni daban. Wanda ya girka ripgrep, rg zai kira. Mai son fd kuwa fd-find zai girka, don a crates.io wanda ya riga kama suna shi ke da shi.

Bayan wata biyu an fitar da gyara. Cargo ba shi da umarni guda na sabunta duk abin da ya girka maka, don bai son shiga sharo ba shanu. Akwai wata manhaja mai suna cargo-update da ke yin haka, kuma da cargo install ake samunta. Ga waɗanda haƙurinsu ya ƙare baki ɗaya, wasu bayin Allah sun rubuta cargo-binstall, wadda ke nemo manhaja a gamme ta sauko maka da ita, yadda ake yi a zamanin duhun kai. Cikin hanyoyin girka ta akwai cargo install cargo-binstall. Tana da 'yan rakiya da yawa, don haka a tabbatar akwai wuta kafin a danna.